Ranar da Surukin Mu'awiya Ya Zo Kallo

Duk Dogon Dutsi an san Norbert, malamin lissafi, da buɗe wasan eshek, darar Turawa, da salon Sisiliya in ya riƙe baƙaƙe. Mu'awiya mai gyaran salula ya kwashe damina guda yana haɗa masa tarko, har matarsa Afra'u ta gaji da kiransa cin tuwo. Ga su yau a wasan ƙarshe, na sauri, kowa da 'yan mintunansa a agogo. Wanda ya ci shi zai tafi gasar Yamai, abin da Mu'awiya ke mafarki tun yana lise, wato sakandare.

Tarkon kuwa ya kama. Mu'awiya ya ba da doki kamar ya yi kuskure, Norbert ya haɗiye, sai ga sarkinsa tsirara a lungu. Gumi ya keto wa malam. Lokacin Mu'awiya ya kusa ƙarewa, amma abin da ya rage ko makaho zai buga.

Ya ɗaga hannu ke nan aka yi sallama a kansa. Malam Ishaku ne, mahaifin Afra'u, da ƙurar hanyar Geceme a babbar rigarsa.

Jikin Mu'awiya bai yi shawara da shi ba. Kafin ya tuna da agogo ya zame daga kujera, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, sannu da hanya."

"Yawwa, ɗana. Kuna lahiya? Ya iyali? Ya aiki?"

Tsohon ba mai ha'incin gaisuwa ba ne. Ya tambayi gida, ya tambayi maƙwabta, ya ba da labarin gero. 'Yan kallo suka daskare, wani ya ɗora hannu a ka. Norbert kansa ya buɗe baki yana nuna agogo, amma wa zai katse dattijo yana gaisawa da surukinsa? Mu'awiya kuwa bakinsa na ta "lahiya lau".

Alƙalin wasa ya duƙa ya dubi agogon, ya tsayar da shi a hankali. Lokacin Mu'awiya ya ƙare. Norbert ya yi nasara, amma ya zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Malam Ishaku ya gyara zama a benci, fuskarsa cike da fara'a.

"Afra'u tac ce min yau za ka ci zuwa Yamai, shi yas sa nit taho. Tashi, ɗana, koma ka buga in gani."