Layi a Bayan Akuya

Jami'in duwan, wato kwastan, ya buɗe shafin farko, ya buɗe na biyu, ya cire tabarau ya goge. Sannan ya turo wa Hambali takardun ta taga.

Hatimin Hambali ne, mai sunansa da lambar wayarsa. A shafin farko kaɗai an buga shi sau goma sha ɗaya, har da ɗaya a goshin direba, cikin hoto.

"Yaran naka, shekarunsu nawa?" in ji jami'in.

"Biyar da ukku."

"Allah shi ƙara haƙuri. Sake su. Ƙarfe ɗaya shef, babbanmu, zai tashi, kuma yau Jumma'a."

Aikin Hambali ke nan, fitar wa 'yan kasuwa da kaya. Kamyon Alhaji Ɗangana, babbar mota cike da albasa, na tsaye bakin gadar kan iyaka tun jiya cikin rana. In ya kai Litinin, rabin albasar ta zama ruwa, Alhaji kuwa ba ya ba mutum aiki sau biyu.

Ya sake cika takardun a shagon fotokopi, a tsaye. Ya sa hannu a jaka zai ɗauko hatimi, ya fito da murfin kwalba da rabin ƙuli-ƙuli. Sha biyu saura. Ya tsayar da kabu-kabu.

A ƙofar tsakar gida ya tarar da igiyar shanya an ɗaure ta daga turmi zuwa randa. Matarsa Zeinabou na zaune can ciki tana tsince shinkafa. Ta ɗaga masa hannu, ba gaisuwa ba ce: hatimi uku ne jere a damtsenta.

"Tun safe ban shiga madafa ba sai da takarda," ta ce.

"Ina yake?"

"Na duba ko'ina. Na yi tsawa, na ɗauko tsintsiya. Ka san ɗiyarka, in ka matsa mata sai ta zama bango."

Sakina na zaune bayan kwandon da aka kifa, sanye da tsohuwar hularsa. Ƙaninta Zahiru, ba wando, yana riƙe da bakin igiya.

"Sakina, ba ni hatimina. Yanzu."

Ta dubi bango. Ya san wannan kallon. Ranar da ta ɓoye makullin babur, kwana biyu aka yi, daga baya aka same shi cikin tukunyar daddawa.

Ya sauke murya. "Shef, ina kwana?"

Ta juyo. "Mi kake so?"

"Takardu na kawo."

"Bi layi."

Layin akuyar gidan ce, ɗaure da ƙafar kujera, tana tauna kwali. Hambali, da gemunsa da jakarsa, ya je ya tsaya bayanta. Zeinabou ta sunkuyar da kai cikin faifai, kafaɗunta na rawa.

An tambayi akuya inda za ta. Zahiru ya amsa mata, ya ce Gaya, biki. Sakina ta ce ba ta da hoto, a tsare ta. Sha biyu da minti ashirin da biyar.

"Na gaba."

Ya durƙusa ya ɗora takardun kan kwando. Ta riƙe su a kife, ta lasa yatsa tana juya shafi, kamar yadda yake yi.

"Mi ke cikin motar?"

"Albasa, ranki shi daɗe."

"Ba ni son albasa."

"Ba nan za a ci ta ba. Kwatano za ta."

Ta auna maganar. Wayarsa ta fara kuka cikin aljihu, Alhaji ne, bai taɓa ta ba. Daga nan ta sa hannu cikin hular da ke kanta ta fito da hatimin. Ya nuna mata gurbin da yatsa. Ta hura hatimin, ta danna da hannu biyu, harshe a waje. Shafi huɗu, bugu huɗu, kowanne a tsaye cikin gurbinsa.

Ya tattara takardun, ya miƙa hannu zai karɓi abinsa. Hatimin ya koma cikin hula. Leɓenta na ƙasa ya fara fitowa.

Ya dubi agogo. Daga nan zuwa gada minti goma ne, kukan Sakina kuwa ba ya kasa awa guda.

"Baban Sakina," in ji Zeinabou, "kar ka tafi ka bar ni da kukanta."

Ya janye hannu, ya saɓa jaka.

"Shef, a buɗe min hanya."

Zahiru ya sauke igiya.