Ragon da Ya Tsayar da Motar Asibiti

Yanzu duk wanda ya tashi ba da tarihin zamanin Faransawa a duwatsunmu na Maroko, sai ka ji ya ce matanmu tsoron likita suke yi, wai jahilci ne ya makantar da su. Masu faɗin haka ba su san uwata Itto ba. Matar da ke kama kunama da yatsu ta tsinke mata ƙari, ba wani Bafaranshe mai jan hanci ne zai firgita ta ba.

Ga yadda abin yake. Gwamnati ta sayi babbar mota, ta cika ta da magani, ta sa mata likita da malamin asibiti da direba. Sai wani mai ilimi a wani ofis can birni ya tambaya, ina mutanen karkara suke taruwa? Aka ce masa kasuwa. Shi ke nan ya kafa doka, motar asibiti ta riƙa tsayawa a kasuwar Talata, kada ta tsaya ko'ina a hanya. Ba wanda ya gaya masa cewa a wajenmu mace ba ta shiga kasuwa, sai tsohuwar da haƙoranta suka ƙare, ko wadda kunyarta ta ƙare. Motar takan bi ta ƙarƙashin ƙauyenmu Tazart, mata suna bisa soraye suna shanyar ɓaure, su bi ta da jajayen idanu har ta sha kwana.

Da farko maza kan je su faɗi ciwon matansu a ba su magani. Ba a daɗe ba likita ya gano ƙwayoyin zazzaɓinsa suna ƙarewa a cikin alfadarai, man idonsa kuma a kan gyambon bayan jakai. Ya fusata, ya ƙaro doka ta biyu: ba maganin da zai bar motar nan, a gabansa za a haɗiye, a gabansa za a shafa. To, namiji ba ya rasa dabara, ko da dabarar ta banza ce. Sai suka koma ɗaukar ciwon matansu suna kaiwa a matsayin nasu. Maƙwabcinmu Haddu, ƙato mai gemu har ƙirji, ya tsaya gaban malamin asibiti ya ce tun da ya haihu mararsa ba ta daina ciwo ba. Sukan karɓi ƙwaya su maƙale ta a kunci, su hau alfadari su dawo gida ba gaisuwa ba amsawa, su tofa wa matar abin da ya saura a tafin hannu.

Ciwon uwata ba na ƙwaya ba ne. Gashin idonta ne ya juya ciki, duk ƙiftawa sai ya karce ta. Tana da hantsaki rataye a wuya, kowace safiya ta tsige, gashin ya sake fitowa da kaifin da ya fi na jiya. Idon hagu ya riga ya yi fari, ba ya bambance komai sai haske da duhu. Na dama ne ya rage, shi ma ya fara hazo. Ita ke saƙa bargunan da muke rufa da su, kuma ta san ƙarshen wannan hanya, domin surukarta, kakarmu Hadda, tana zaune a kusurwar ɗaki shekara da shekaru, ana kai ta bayan gida da sanda.

Ubana Bassu ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ba da haushi. Wata Talata ya je ya tsaya a layi, ya ce idonsa na ƙaiƙayi. Malamin asibiti, Si Mbarek, ya matsa masa mai a lafiyayyen idonsa. Ubana ya runtse ido gam, ya hau alfadari, ya taho rabin yini cikin rana da ido ɗaya, har ya kusa faɗawa kwazazzabo.

"Maza ki zo, Itto, kafin ya narke!"

Ta zo ta sa ɗan yatsa ta lakato. Ta duba, ta sansana.

"Maigida, wannan ai kwantsarka ce."

"Akwai magani a ciki."

"Akwai ƙura a ciki, da ƙafar ƙuda. Sannu da aiki. Gobe idan naƙuda ta kama ni kai za ka durƙusa?"

Talatar da ta biyo baya ya koma, wannan karon ya faɗi gaskiya. Si Mbarek ya ja shi bayan mota ya ce masa, "Bassu, ka daina shanye mana mai. Abin da ka kwatanta ba mai ne maganinsa ba, wuƙa ce. Likita zai ɗan tsaga fatar idon ya juyo da gashin waje. Kawo ta."

"Nan? Ta kwanta kan tebur masu sayen albasa suna leƙe?"

"To bar ta ta makance cikin mutunci."

"Ku tsaya mana a Tazart, ai ta ƙofarmu kuke wucewa."

"Doka ta hana. Ko fitsari ne ya matse direba, sai ya riƙe har kasuwa."

Ubana ya dawo ya zayyana mata duka, ya ƙare da cewa kowa da abin da Allah ya rubuta masa. Kakarmu ce daga kusurwa ta ce, "Ubanka ma haka ya faɗa mini, da wannan muryar. Allah ya jiƙansa, ya yi ta kallon duniya da idanu biyu har ya mutu."

Muna da rago a lokacin, wanda ubana ke kiwo domin layya. Da hannunsa yake ba shi sha'ir, yana yi masa magana da taushin da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba. Ranar Talata ya fita da sassafe kamar kullum, tunda alfadari ba ya tsere da mota. Yana shan kwana uwata ta ɗauko wuƙa ta wasa a bakin turmi, ta kwance ragon, ta kama hannun kakarmu, suka gangara.

A ƙasan ƙauyen hanya tana matsewa, dutse a dama, rami a hagu, mota ba ta wucewa sai da rarrafe. Nan ta kayar da ragon, tsohuwa ta zauna a kan ƙafafunsa. An ce mace ba ta yanka. Daga baya na bincika littattafai, ban ga inda aka hana ba. Motar na fitowa daga kwana, uwata ta yi bisimilla don kada nama ya ɓaci, ta ja wuƙa. Jini ya ratsa hanya daga dutse zuwa rami. Ta dangwala tafinta a ciki ta manna a goshin motar.

"Ga ar a kanku! Ar na Allah a kanku da 'ya'yanku, sai kun duba idona!"

Kowa a ƙasarmu ya san ar. Wanda aka zubar wa jini a ƙofa aka roƙe shi abu, in ya tsallake bai biya buƙatar ba, abin da ya same shi shi ya saya. Limaminmu kan ce bidi'a ce, amma ban taɓa jin ya tsallake ba.

Direba, wani siririn mutum mai suna Lyazid, ya kashe mota ya sauko, ya koma gefe ya tsuguna.

Likita ya leƙo yana ihu da Faransanci. Si Mbarek ne ke fassarawa, yana rage zafin a hanya.

"Baiwar Allah, likita ya ce ki yi haƙuri ki janye ragonki."

"Ba haka ya ce ba, na ji sunan jaki a ciki."

"To, ya ce da jaki. Amma ki janye."

"Ai ba nawa ba ne yanzu, naku ne. Ku janye in kuna iyawa."

Likita ya juya kan direba, ya ce ya tayar da mota ko ya rasa aikinsa. Lyazid ya ɗaga kai ya ce, "Si Mbarek, gaya masa ina da 'ya'ya ƙanana, kuma hanyar nan duk ramuka ce. Aiki ana samun wani. In shi ba ya tsoro, ga mota nan."

Motocin wancan zamani ba a tayar da su sai an zura ƙarfe a hanci an murɗa, kuma ƙarfen a tsakiyar jinin zai shiga. Likita ya sauko da farin wandonsa, ya ɗauki ƙarfen. Mata sun riga sun cika bakin dutse, kowace da hannu a goshi tana kare rana. Si Mbarek ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, ƙarfen nan yana harbi, bara ya karya wa Lyazid yatsa. In ya harbe ka yau a gaban matan nan, ba wanda zai ce ƙarfe ne. Daga nan har bakin sahara za a ce ar ya kama likita, kuma ba za ka ƙara wuce wani ƙauye ba sai ka tarar da akuya a kwance."

"Ni ban yarda da wannan shirme ba!"

"Ni ma, ranka ya daɗe. Sai dai ba zan taɓa ƙarfen ba."

Likita ya tsaya da ƙarfe a hannu, ya dubi jinin, ya dubi agogo. Sai kakarmu, wadda har yanzu ke zaune kan rago, ta ce, "Me yake yi ne? Ya fara?"

"Tunani yake yi, Inna," in ji uwata.

"Bafaranshe ne ko rago? Gaya masa rana na yi."

Ban san ko an fassara masa wannan ba. Ya dai jefar da ƙarfen, ya tako ya kama haɓar uwata da ƙarfi, ya juya fatar idonta da babban yatsa. Ihun ya tsaya. Ya duba na hagu, ya girgiza kai. Ya duba na dama ya daɗe.

"Ya ce me ya sa ba ki zo tuntuni ba?"

"Gaya masa kowace Talata ina nan bisa soro. Shi ne bai zo ba."

Aka sauke tebur ƙarƙashin wani itace da muke kira gyaɗar dutse, aka dafa wuƙaƙe a kan risho. Mata suka kwance mayafansu suka kewaye wurin suka ba da baya, ya zama ɗaki. Uwata ta hau ta kwanta. Da allura ta shiga fatar idon ta zagi Bassu, da uban Bassu, tsohuwa tana cewa amin. Kafin a gama naɗe mata kai, wasu matan sun riga sun yi layi, kowace da hantsakinta a wuya. Likita ya ce ɗaya kawai aka yanka wa rago. Matar Haddu ta ce rago babba ne, ya isa kowa. Likita ya yi ta zagi yana dubawa, yana zagi yana yanka, har rana ta karkata. Lyazid kuwa ya feɗe ragon tsaf, domin nama na wanda aka jefa wa ar ne.

A kasuwa maza sun yini a layi da cututtukan matansu, mota ba ta zo ba. Ubana ya dawo da yamma ya tarar da turke ba rago, matarsa a zaune da kai naɗe kamar limamin Juma'a. Maƙwabta sun riga sun tare shi da labari tun a hanya.

"Itto! Kin tozarta ni!"

"A ina? Na shiga kasuwa?"

"Ba ki shiga ba, amma..."

"Wani mai albasa ya gan ni?"

"Ragona fa!"

"Ya yi aikin Allah, Maigida. Da layya ma cinye shi za ka yi, ka yi ta gyatsa."

Ya juya wajen uwarsa neman taimako. Ta ce ita ba ta ga komai ba.

Saura cire zare. Ba mu da wani ragon, kuma likita ya rantse ba zai sake karya doka ba. Amma Lyazid ya ce ar ba ya sauka sai buƙata ta cika, kuma ya riga ya ci naman. Talatar da ta zagayo, motar na isa matsin nan sai ta yi tari ta mutu. Lyazid ya buɗe hancinta ya zura kai, ya ce gyaran zai ɗan ɗauki lokaci. Likita ya ɗauko almakashinsa.

Ubana bai je kasuwa ba ran nan. Ya tsaya nesa kaɗan, wai yana duba ƙafar alfadari. Aka warware ƙyallen, aka cire zaren. Idon hagu yana nan fari yadda yake, ya tafi ke nan. Na dama ya kumbura, ya yi ja, amma gashin yana kallon waje. Uwata ta ƙifta a hankali, tana jiran karcin nan da ta saba da shi. Ta sake ƙiftawa. Ta yi ta ƙiftawa kamar wadda aka ba sabon abin wasa.

Ubana ya kasa haƙuri, ya matso ya sunkuya a gabanta.

"Kina ganina?"

Ta ƙare masa kallo daga rawani har takalmi.

"Ina ganinka. Yaushe ka tsufa haka ba ka gaya mini ba?"