Masu Kunnawa da Safe

Shekara huɗu Injiniya da abokan aikinsa suka kwashe suna gina babbar manhajar da ke tafiyar da wayar kamfaninsu, kuma wallahi ta yi kyau. Ba ta shan caji, ba ta sanƙarewa. Amma kasuwa ta ƙi. Mai saye zai jujjuya wayar, ya tambaya ko tana ɗaukar manhajar hirar da kowa ke kai, a ce masa tukuna, ya ajiye ya yi gaba. Masu manhajar hirar kuma sun ce sai an tara musu jama'a za su shigo. Kowa na jiran kowa, Injiniya kuwa har furfura ta fara leƙo masa.

Ranar Litinin manyan kamfanin za su yanke hukunci, a ci gaba ko a rufe sashensu. Hujja ɗaya ta rage masa: mutum ɗari shida da ke kunna wayar kowace safiya ba fashi. Masoya na gaskiya ke nan, su zai nuna.

Ranar Asabar ya je gaida Ummansa, ya tarar tana sauraren muryar jikarta a tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi. Ransa ya ɓaci.

"Umma, ina wadda na ba ki?"

"Tana nan lafiya lau." Ta zaro ta daga ƙarƙashin matashi, naɗe a hankici, ko ƙwarzane babu.

"Haba Umma! Ni na yi ta fa."

"Na ce ba kai ka yi ba? Yayarka ba ta ciki, jikokina ba sa ciki. Da wa zan yi hira, da kai? Kai da ba ka ɗaga waya." Ta goge fuskar wayar da gefen mayafinta. "Amma ban yar da kai ba. Ka taɓa cewa ana ƙirga masu kunnawa. Kullum da safe sai in kunna, ta ɗan sha iska, in kashe. Na koya wa uwar abokin aikinka, ita ma ta gaya wa sauran dangin abokan aikinku."

Injiniya ya zauna a hannun kujera. Su arba'in ne a sashen, kowanne an ba shi waya goma sha biyar ya raba wa dangi. Bai so ya lissafa ba, amma ya lissafa, abin ya fita ɗari shida cif.

"Na kyauta ko?" in ji Umma, tana murmushi.

"Kin kyauta, Umma."