Hancin Mai Kifi Ya Huta

"Ku tsaya," in ji Mai Kifi daga bakin ƙofa, tana dafe da kafaɗar 'yarta. "Wani abu ya mutu a gidan nan."

Maƙwabciyarta mai ɗinki, da ta rako su, ta kawar da kai. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma duk sanda Mai Kifi ta miƙo mata hannun riga ta ce, "Ƙanwata, ina ƙarni?" sai ta ce ko kaɗan. Ƙarya ce tsagwaronta. Labule, katifa, har kyanwar gidan, komai ƙarnin kifi yake. Hancin matar ne kawai ya gaji ya daina kai mata rahoto. To ga shi ya yi sati biyar a asibiti yana hutawa, likita kuma ya ce a mayar da ita gida, ba sauran abin yi.

Aka zaunar da ita a gado. Ta jawo matashin kai ta shinshina, ta ɗago ta dubi mai ɗinki.

"Ni ce?"

"Ke ce, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na tare a layin nan."

Mai ɗinki ta sunkuyar da kai, tsoro ya kama ta kada su rabu a kan wannan. Sai ta ji gadon yana girgiza. Dariya Mai Kifi take yi, har da hawaye, har tari ya sarƙe ta.

"Ashe shi ya sa ake bar mini kujera biyu a mota. Ni kuwa ina ta hura hanci, wai girmama ni ake."

'Yar ta ɗauko bokiti da sabulu.

"Ajiye, uwar tsafta. Wannan ƙarnin ne ya kai ki makaranta. Ku rufe taga, ku bar ni in ji abina kafin hancin ya sake lalacewa." Ta buga gefen katifa. "Ke kuma maƙaryaciya, zo zauna nan. Na yafe."

Kwana uku suka yi suna tono waɗanda suka taɓa gudunta suna dariya. A na huɗu da hantsi ta cika, hannunta cikin na mai ɗinki.

Bayan sati guda mai ɗinki ta shiga ninke mata kaya. Ƙarnin ya tare ta a ƙofa, ta yi murmushi. Kafin ta gama zane na uku ta daina jin sa. Ta ajiye zanen, ta fita titi ta tsaya jim kaɗan tana shan iska, sannan ta sake shigowa.