Carbin Kaka Ising

"Yaya Rodel, don girman Allah ka bari in yanke shi kafin a rufe akwatin," in ji Perlita, hannunta cikin jaka riƙe da almakashin ɗinki.

Rodel ya dubi gawar mahaifiyarsa, Kaka Ising, da carbin baƙin itace naɗe a yatsunta. "Perlita, nan Winnipeg ne fa. Waɗannan camfe-camfen can gida muka baro su."

Can gida, in an sa wa mamaci carbi a hannu sai an yanke zaren, don kada mutuwa ta bi shi ta ja wani. Amma Rodel ma'aikacin jinya ne, duk abin da ba a rubuta a jikin kwalbar magani ba shirme ne a wurinsa.

Perlita ba ta haɗa jini da tsohuwar ba, katanga kawai suka haɗa. Sai dai tun farkon sanyin nan 'yarta Danica ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta, ta koma kwana da wuni a ɗaki. Likita ya ba da magani, malamai sun yi ta waya, duk a banza. Kaka Ising ce ta shigo wata safiya ba sallama, ta yaye bargon da yarinyar ta lulluɓa da shi.

"Tashi, uwar lalaci. Idona ya mutu, ke za ki kai ni."

Ƙarya take, tsohuwar da ke zura zare a allura ba tabarau. Haka ta riƙa jan yarinyar kullum zuwa ɗakin addu'ar makaranta, inda ɗalibai ke yin Rosari, addu'ar Kirista da ake ja da carbi, kafin shiga aji. Carbi ɗaya suke riƙewa, tsohuwa gefe, yarinya gefe. Daga nan Danica ta fara shiga aji, har ta fara taɓa shinkafa.

Ranar Talata aka tsinci Kaka Ising a bakin ƙofarta, takalmin sanyi a ƙafa ɗaya. A asibiti tambaya ɗaya ta yi ta maimaitawa har ta cika: "Wa zai kai yarinyar?"

Yau da safe a mota Danica ta ce, "Mama, ita kam ta huta. Ni ma na gaji." Tsoro ya kama Perlita har cikin ƙashi.

"Ɗaya gefen carbin nan hannun 'yata ne," ta ce wa Rodel. "In ka ce in durƙusa, zan durƙusa."

"Haba, ke da iliminki? Ki mayar da ita wurin likita."

"Zan mayar. Ka bar ni in yi wannan ma."

Ana haka 'yan ajin Danica suka shigo cikin kayan makaranta, malamarsu a gaba. Suka durƙusa suka fara "A gaishe ki Maryamu." Danica na zaune a kujerar baya, kai a sunkuye, leɓenta ko motsi.

Mai kula da gawa ya ɗora hannu a murfin akwatin. Perlita ba ta ƙara neman izinin kowa ba, ta sunkuya ta datse zaren.

Ashe zaren ba shi da ƙulli tsakanin ƙwayoyin. Suka zube, suka watse ƙarƙashin kujeru, addu'ar ta tsaya cak. Rodel ya juya baya yana share ido.

'Yan matan suka bi ƙasa da rarrafe suna tsinta. Wata doguwa mai suna Jovelyn ta rarrafa har gaban Danica, ta buɗe mata tafin hannu, ta ajiye ƙwaya ɗaya.

"Gobe ni zan biyo miki. In kin ga dama kada ki tashi, ki ga yadda ake yaye bargo."

Perlita na tsaye da almakashi a hannu, tana kallon tafin hannun 'yarta a buɗe. An rufe akwatin, an fara tura shi waje, sannan yatsun Danica suka naɗe ƙwayar a hankali.