Tatsa Ba Maraƙi

Fadimatu ba ta iya karatu ba, amma ta san wayar 'yarta ta jawo musu magana. Najiba ce 'yar farinta, tana lakwal, wato makarantar boko, a Illela, kuma tun hutun bara take rubuta wani labari a waya tana sakawa kashi-kashi, 'yan mata suna binsa kamar ƙuda da fura. Labarin soyayya ne tsakanin wata mai tallar nono da wani saurayi Alƙasum, wanda ba mutum ba ne, aljani ne mai kiwon fararen shanu. Wannan kaɗai ya ishi matan ruga abin ƙus-ƙus. Wai yarinyar da ta san aljani haka, lalle sun taɓa gaisawa.

Mahaifin Najiba ya yi kudu da garke, sai damina, saboda haka magana ta faɗa hannun wansa Barmo. Shi kuwa Barmo bai taɓa jin zance har ƙarshe ba kafin ya yanke hukunci. Ya ce ranar kasuwar Badagishiri zai biyo rumfar masu nono ya karɓe wayar, rubutu ya ƙare ke nan. Najiba ta yi kuka har idonta ya kumbura, da safen ranar kasuwar ta miƙa wa uwarta wayar. Fadimatu ta ƙulle ta a haɓar zane. Tausayi ya kama ta, amma can cikin ranta tana ganin Barmo bai yi ƙarya ba. Yarinyar da in ana tatsar shanu sai ta tsaya sororo da baki buɗe, me za ta sani da har za ta ba duniya labari?

Da hantsi ya ɗaga, wasu 'yan mata biyu 'yan Ƙonni, Latifa da Badi'a, suka zauna gaban ƙwaryarta suka ce a dama musu fura. Latifa tana karanta wani abu a wayarta da ƙarfi. Fadimatu ba ta kula ba, sai da ta ji an ce Alƙasum.

"Koma baya," in ji Badi'a. "Wurin da yac ce shekara ɗari ukku shina kiwo bai san tsoro ba, sai ran da tat tambaye shi sunanai."

"Ni abin da ka kashe ni," Latifa ta dafe ƙirji, "shina iya ɗauke ta cikin guguwa, amma sai ya tsaya nesa shina jiran ta ƙare talla. Samarinmu kau, babur guda gare su, sun cika muna kunne."

Ta ci gaba da sabon kashin. Yarinyar ta iske Alƙasum da sassafe tsugune ƙarƙashin saniya, nono yana zuba a ƙwarya har da kumfa. Ta waiga wajen dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ta ga duk suna ɗaure, ko ɗaya ba a kwance ba. Nan ta fara ja da baya. A nan kashin ya tsaya.

"To mi?" Badi'a ta taɓe baki. "Nan kam marubuciya ta yi sanyi. Ai da sai idonai ya yi ja, ko ta ga kohwato."

Ludayi ya tsaya a hannun Fadimatu.

"Ku 'yan birni, Allah shi shirye ku," ta ce. "Saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya hwara tsotsa. Ni da nika tatsa tun ban kai ku ba, in ban kwanto maraƙi ba, ko ɗigo ba ni samu. Wanda saniya tas sakar ma nono ba maraƙi, wannan ba ɗan Adam ba na."

'Yan matan suka saki ihu har mai albasa na gefe ya waigo. Latifa ta hau rubuta wa ƙawayenta, tana cewa yau 'yan Malbaza da na Sakkwato za su sha mamaki, duk an karanta ba wanda ya gane. Fadimatu kuwa wani abu ya cika mata ƙirji. Ashe tsayuwar nan da baki buɗe kallo ne. Ashe hannunta Najiba take kallo duk shekarun nan. Alfahari ne zalla, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Inna, ko kin san ta?" Badi'a ta tambaya.

Uwa ba ta yabon ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Fadimatu ta sunkuyar da kai tana dama fura. "Nan wajenmu take," ta ce, ta ƙara musu ludayi biyu.

Bayan azahar sai ga Barmo da malafa, sanda a kafaɗa, ya miƙo hannu tun bai gama sallama ba. Fadimatu ta rusuna ta gaishe shi, ta fara kwance haɓar zane a hankali, kuma tana kwancewa tana ba shi labarin saniyar da maruƙan da ke ɗaure. Hannun Barmo ya fara sauka.

"Ba maraƙi?"

"Ko guda, Baffa."

"Subhanallahi." Ya sauke sanda ya dogara. "To ita yarinyar, gudu ta yi ko tsayawa?"

"Mai labarin ba ta kai nan ba tukuna. Ga wayar."

Barmo ya dubi wayar, ya dubi Fadimatu, ya gyara malafa ya yi gyaran murya sau biyu.

"Mai da mata," ya ce. "In ta rubuta, a zo a karanta min. Kuma ki gaya mata, ko mi za a yi, kada yarinyar ga ta sha nonon nan."