Allon Aji Shida

Shekara goma sha tara ina koyarwa a firamaren gwamnati ta unguwarmu a Dilimi, cikin Jos, kuma in gaya muku gaskiya, na daɗe da daina jin haushin komai. Rufin aji ya yi yoyo, mu matsa gefe. Benci ya karye, yara su zauna a ƙasa. Albashi ya makara, to, ya makara. Sunana Hussaina, ni ke riƙe da aji shida, yara saba'in da uku, kuma a shekarar 2003 ba mu da littafin lissafi ko ɗaya na shirin jarrabawar shiga sakandare. Saura kwana goma a yi jarrabawar.

Ranar Juma'a da safe sai ga Suzana, ƙawata tun kwalejin horar da malamai. Ita tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Rayfield, inda kowane yaro ke da littafinsa har da na ajiya. Ta zaro littafin tambayoyin jarrabawa daga jakarta kamar mai sayar da kayan sata.

"Hussaina, kafin sha biyu zan dawo in karɓa," in ji ta. "Oga yana duba littattafai duk Juma'a. In bai gani ba, a bakin aikina."

Awa uku ke nan a hannuna. Ko in kwafa a littafina, ko in kwafa a allo yara su kwashe nan take. Na zaɓi allo. Na rubuta tambaya sittin da yadda ake warware kowace, da ƙananan baƙi, tun daga saman allo har inda nake durƙusawa. Kafaɗata ta riƙe, alli ya cika min hanci. Ina kan ta arba'in hedimasta ya sa aka buga ƙararrawa, wai a sallami yara, gobe zaɓe, za a share makaranta. Na ce su tafi, Litinin sa kwafa. Na ƙarasa rubutuna ni kaɗai, Suzana ta zo ta karɓi littafinta, aka kulle aji. A ƙasan allo na rubuta da manyan baƙi: KADA A GOGE.

Asabar na fito da katin zaɓena da sabon littafin rubutu, da niyyar in na jefa ƙuri'a in zauna in kwafe abina. Ashe ajina aka mayar rumfar zaɓe. Ɗan sanda ya ce ba mai zama a ciki, a dangwala a fita.

Zaɓen 'yan majalisar jiha ne. Akwai wani Alhaji Jabir da ya zo har ɗakin taron malamai ya yi alkawarin littattafai, kowane yaro da nasa. Ban yarda da shi ba, ban kuma ƙi shi ba. Amma shi kaɗai ne ya ambaci littafi, sauran duk kwalbati suke ginawa da baki. Don haka na bi layi tun hantsi, na ja maƙwabtana mata huɗu, na ce musu in ba don kanku ba, don yaranku. Da na shiga, na ɗaga kai. Tambayoyina sittin suna nan, ba wanda ya taɓa. Na dangwala wa Alhaji Jabir, na fito na zauna a gindin mangwaro ina jiran a watse.

Bayan la'asar aka fara ƙirga, sai rigima ta tashi. Wakilan jam'iyyu suka ce ba su yarda a rubuta a takarda a ɓoye ba, sai dai a fili, kowa na gani, duk ƙuri'ar da aka ɗaga a ja mata layi. Wani ya ce, "Ga allo nan!"

Sharafaddeen ne ya leƙo ya kira ni. Ni na koya masa karatu a wannan ajin, ga shi yau da gemu, shi ne wakilin Alhaji Jabir.

"Malama, don Allah ina dasta?"

"Ba ka iya karatu ba ne? Me aka rubuta a ƙasa?"

"Na gani, Malama. Amma mu ne a gaba, wallahi. In ba a rubuta a fili ba za su murɗe mana."

"Jarrabawar yara ce a jikin allon nan. Ba ni da wani kwafi."

"Haba Malama, littattafai fa za mu kawo muku! Tirela guda. Wannan ai ba komai ba ne."

Na ce su ba ni minti talatin in kwafa. Wani ya yi ihu wai ana jan lokaci don a yi maguɗi. Mutane suka fara dukan taga, ɗan sanda ya gyara riƙon sandarsa. Duk wanda ya zauna a Jos a waɗannan shekarun ya san yadda ƙaramar hayaniya ke girma. Na duba fuskoki, na duba allo. Ban ji komai ba, wallahi, ko faɗuwar gaba.

Ba mu da dasta, tsohuwar safa ce nake ajiyewa a bayan ƙofa. Wani ya miƙo hannu zai karɓa, na ce bari, ni na rubuta. Na fara daga sama. Abin da ya ci min awa uku bai kai minti biyu ba. KADA A GOGE na goge a ƙarshe. Suka nemi alli, na ba su guntun da ya rage.

Alhaji Jabir ya ci akwatinmu, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ɗaya tawa ce. Aka yi ta kabbara da tafi, Sharafaddeen ya ce, "Malama, kin gani ko!" Na ce na gani.

Lahadi na hau mota har gidan su Suzana. Ta ce littafin yana kulle a ofishin oga, yaransu za su yi ta bita da shi har ranar jarrabawa. Ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Litinin na makara, motar haya ta lalace mana a hanya daga gidan yayata inda na kwana. Da na iso, ajin tsit, abin da ban saba ji ba. Yara saba'in da uku sun sunkuya, wasu a benci, wasu a ƙasa da littafi a kan gwiwa. Dama na ce musu Litinin za su kwafi abin da ke allo, su kuma ba sa saɓa min. Layi-layi suke ja, biyar-biyar, a ƙarƙashin sunan kowace jam'iyya, da kyau, da rula.

Rahma, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta ɗaga hannu.

"Malama, mun kusa gamawa. Wannan zai fito a jarrabawa?"

Na ajiye jakata a kan tebur. Na ce, "Ku ƙarasa."